Yadda Za a Tsare Kayan Zango da na Mota Daga Ɓarayi

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana ba wai don na fi kowa wayo ba ne. A'a, wuya ce na sha, har na ja wa mutum 32 ita tare da ni, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na koya.

A cikin hunturun bara ne ƙungiyarmu ta 'yan Sikawut ta fita zangon kwana biyu. Wannan al'ada ta fita zango daɗaɗɗiya ce, gama da ita aka kafa ƙungiyar tun farko, sa'ad da Baden-Powell ya kai yara zango a wani tsibiri na ƙasar Ingila cikin 1907. Amma mu yanzu ba mu kwana a daji kamar yadda yayyenmu suka yi. Tun abin da ya auku a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300, malamanmu ba su yarda mu yi nisa da mutane ba. Saboda haka a filin wata firamare muka sauka, a gefen wani ƙauye da ke tsakanin Kankiya da Kusada. Muka kafa tantuna huɗu. Ni aka ba riƙon kaya, watau tamfol da igiyoyi da tukwane da adduna da jarkokin ruwa da fitilu masu caji da hasken rana.

Daren farko lafiya lau. A dare na biyu gadi ya faɗo kaina da wani abokina, daga ƙarfe 2 zuwa ƙarfe 4. Sanyi kuwa ba a magana. Muka ja jiki kusa da wuta, muka ba mota baya, ita kuma an ajiye ta can bayan aji don kada ta tare mana fili. Ba zan ce na yi barci ba, amma ba zan rantse ban yi gyangyaɗi ba. Da gari ya waye sai aka ga fitila biyar. Na ce shida muka zo da su, wani ya ce biyar ne, muka yi ta musu, ba mai takardar da zai nuna. Aka bar maganar, aka loda kaya, ba wanda ya tuna ya leƙa ƙarƙashin kujerar direba.

Muna cikin tafiya bayan la'asar sai taya ta yi faci. Baba direba ya sauka da murmushinsa, don ya san safayarsa na nan, ɗaure da sarƙa da kwaɗo. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera, wayam! Ba jak, ba sifanar kwance taya. Ashe gilashin ƙofar nan da ba ya rufuwa sosai, ta nan aka bi. Ga taya mai kyau a hannu, ga samari majiya ƙarfi, amma ba halin ɗaga mota. Muka zauna bakin hanya rana tana ta yin ƙasa, Malam yana duba agogo yana duba gabas da yamma, bai ce wa kowa uffan ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Sai dab da magariba Allah ya kawo wani mai a-kori-kura ya ara mana nasa jak. Da muka kama hanya Baba direba ya waiwayo ya ce mini, "Ɗana, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni na bar gilashi, kai ka bar gadi."

Da na je hutu na ba kakana wannan labari. Shi kuwa ya yi fatauci da jakuna a ƙuruciyarsa, tsakanin kasuwannin ƙasar nan. Ya yi dariya har da tari, ya ce mu 'yan boko muna tsammanin kwana a waje sabon abu ne. Gaskiyarsa kuwa, domin hanyar nan tamu tsohuwar hanyar ayari ce. Ko Baturen nan Bajamushe, Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ta Kusada ya bi cikin 1851 sa'ad da ya tashi daga Katsina za shi Kano. Fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro kuwa wata da watanni suke yi a hanya, da dukiya mai yawa, ba kwaɗo ba ɗan sanda. To, ƙaƙa suke yi? Kowane ayari yana da madugu, wanda maganarsa ita ce magana, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da masauki. Ba su sauka a gari sai sun aika wa mai garin da gaisuwa, ta haka suke zama baƙinsa, wanda ya taɓa su ya taɓa shi. Kakana ya ce su ma a zamaninsu in sun sauka, mangaloli a tsakiya ake tara su, a yi wa jakuna dabaibayi kusa, mutane su kwanta su kewaye. Mai ɗan ƙunshi mai daraja ya yi matashin kai da shi, wani ma har ya ɗaura igiyar kayan a ƙafarsa. Kafin a kwanta a ƙirga, kafin a tashi a ƙirga.

Da na auna sai na ga duk abin da suka yi, mu mun yi kishiyarsa. Mun dai gai da shugaban firamaren, amma ba mu je gun mai gari ba, balle 'yan sintirin ƙauyen su san da mu. Mun kai abu mafi tsada, watau mota, wuri mafi duhu. Ba mu kuma ƙirga kome ba.

Yanzu bari mu duba abin ta wajen shi ɓarawon. Irin wanda ke bin zango da tasha ba mai fashi ba ne, mai ɗauke-ɗauke ne, matsoraci. Kafin ya miƙa hannu yakan tambayi kansa: minti nawa zan yi ina cire wannan abu, wa zai gan ni, wa kuma zai saya bai tambaye ni ba? In amsar ta yi masa daɗi duka, kaya sun tafi. In ɗaya ta ɓaci, sai ya wuce gaba ya nemi na wani. Dubi misalinmu. Safaya ta fi jak tsada nesa ba kusa ba, amma ita ta kwana, jak ya tafi, don kawai yanke sarƙa yana cin lokaci, yana kuma ƙara. Kwaɗo ba ya hana sata ɗungum, jinkiri yake jawowa, jinkirin nan kuwa shi ɓarawo ya fi tsoro.

Mu ɗauki batir, wanda shi ne abin da aka fi yi wa masu mota ɓarna da shi. A yawancin ƙananan motoci, da sifana mai lamba 10 ake kwance kawunansa, aikin da bai kai a sha kofin shayi ba. Manyan motoci kuwa sau da yawa batir biyu gare su, a waje suke, a gefen mota, kowa na gani. Kuma ko batir ya mutu yana da kasuwa, gama fiye da rabin nauyinsa dalma ce, masu sayen tsofaffin ƙarafa suna so. Maganinsa yana wurin mai walda: ya yi masa ɗamara ta ƙarfe ko keji, a sa kwaɗo mai kauri, ba irin na akwatin ɗalibi ba. Kuɗin wannan aiki bai kai ko kusa da kuɗin sabon batir ba. Haka taya, akwai wani irin noti da ba ya kwantuwa sai da nasa makulli, a sa ɗaya a kowace ƙafa ya isa. Sai dai mai shi ya kula kada ya jefar da makullin, in ba haka ba ranar faci shi ma ya zama kamar mu. Murfin tanki shi ma a nemi mai makulli. Da ba a damu da wannan ba ƙwarai, amma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai zuƙe mai da tiyo ya zama sana'ar wasu.

Madubin gefe da fitilu da rediyo kuwa, abin da ya fi tsare su shi ne shaida. Mu 'yan makarantar kwana mun san wannan sarai. Wa ya taɓa ajiye bokiti a bakin famfo ba suna a jiki ya dawo ya same shi? Amma wanda aka ƙona wa lamba da ƙusa mai zafi, ko an ɗauka sai ya dawo, don ba mai iya wanka da shi a gaban jama'a. To haka kayan mota suke. A zana lambar mota a jikin madubi da gilashi yadda ba ta gogewa, a karce ta a jikin batir da jak, a shafa wa sifanoni fenti mai launi ɗaya. Abin da ke da shaida ba ya sayuwa da daraja, kuma in an kama shi a hannun wani, mai shi yana da bakin magana. Tamfol da tanti a rubuta musu sunan ƙungiya da manyan baƙaƙe a tsakiya, ba a gefe ba inda almakashi zai iya cirewa. Mai wayar hannu kuma ya danna *#06#, wata lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ya rubuta ta a littafi ya bari a gida. Ita ce shaidar da 'yan sanda za su tambaya in wayar ta ɓata.

Ga iyayenmu masu bin babbar hanyar Katsina zuwa Kano ina da ɗan roƙo. Nakan ga mota ta tsaya a Kankiya ko Gidan Mutum Ɗaya ko Yashe don salla ko cin abinci, kowa ya fice, gilashi a sauke, jaka a kan kujera, kayan da ke bisa kuma igiya ɗaya ce ta riƙe su. Ai ba laifi ba ne a yi salla kashi biyu, ko a bar yaron mota a ciki a kawo masa nasa abincin. A kuma tsaya inda mai shayi ko mai faci ke gani, a yi masa sallama a ce ga mota nan. Mutumin da aka ba amana da baki ya fi wanda ba a kula shi ba sa ido.

Mu koma zango. Tanti dai ba ɗaki ba ne, reza ɗaya ta isa ta yi masa ƙofa ta baya, saboda haka sa masa kwaɗo wauta ce, sai ma ya nuna akwai abin ɗauka a ciki. Kuɗi da waya su kwana a jikin mai su, ko a tara su a akwatin ƙarfe guda a ƙarƙashin kan Malam. Sauran kaya a tsakiya, mota ita ma a tsakiya, tantuna su kewaye, ƙofofinsu na duban juna. Fitilun sola da ake shanyawa da rana su sha caji, su ne suka fi saurin tafiya, don ana baza su a fili sa'an nan kowa ya tafi wasa. A sa mutum ɗaya ya zauna da su.

Sai maganar gadi, inda na fi jin kunya. Na ɗauka gadi shi ne mutum ya zauna ido biyu. Ashe akwai ilmi a ciki. Malaminmu na kimiyya ya bayyana mana cewa idon mutum yana bukatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma duban wuta sau ɗaya yana rushe wannan sabo. Watau mai gadin da ya tasa wuta a gaba makaho ne ga duk abin da ke bayan haskenta, alhali shi kuwa ana hango shi tun daga nesa, har a san sa'ad da kansa ya fara rinjaya. Kamata ya yi mai gadi ya ba wuta baya, ya tsaya a inuwa, ya riƙa zagayawa ba a kan ƙa'ida ɗaya ba, da usur a wuya. Awa biyu ta yi yawa ga yaro a tsakiyar daren hunturu, gara a mai da ita awa ɗaya a yawaita masu karɓa. In kuwa an ga wani abu, usur za a busa a ta da jama'a, ba a bi mutum cikin duhu ba, don ba a san abin da ke hannunsa ba. Wanda aka kama kuma a miƙa shi ga mai gari da hukuma. Dukan taron dangi ya sha hallaka marasa laifi.

Ƙirga kaya yana da wani amfani da ban gane ba sai daga baya. Ran da fitilar nan ta ɓata, wasunmu sun zargi yaran ƙauyen da suka zo kallo, wasu suka koma zargin juna, har wani ɗan aji ɗaya ya yi kuka don an ce an gan shi da ita. Har yau ba wanda ya san gaskiya. Da ina da littafi, ina rubuta wanda ya karɓa da wanda ya mayar safe da yamma, da an san daren da ta ɓata da hannun da ta ɓata a ciki, da ba a ɗauki alhakin kowa ba.

Akwai kuma wanda ba ya zuwa zango, ba ya shan sanyi, amma shi ne uban tafiyar, watau ɓarawon zaune. Jak ɗinmu yana nan a wani wuri yanzu, wani ya saye shi rabin kuɗi yana murna ya yi sa'a. In aka kawo wa mutum batir ko madubi da araha ta fitar hankali, ba rasit, mai sayarwa kuma yana waige-waige, ai ba sai an gaya masa ba. Doka tana hukunta mai karɓar kayan sata da saninsa, ba mai ɗaukowa kaɗai ba.

Mun yi karo-karo mun biya fitila, aka kuma sayi sabon jak, Baba direba ya sa an gyara gilashinsa. Da za a sake fita zango a wannan zangon karatu na ɗauka za a ba wani riƙon kaya, sai Malam ya kira ni ofis ya miƙo mini sabon littafi mai bango ja da gwangwanin fenti, ya ce in fara da tukwane.