Yawan Barci: Ragwanci Ne Ko Cuta?

A kowace gunduma akan sami mutumin da jama'a suka san shi da yawan barci. Ana cikin hira sai a ga yana gyangyaɗi, ana cikin aikin gona sai a tarar da shi kwance. Galibi akan ce rago ne, in kuwa yaro ne a makaranta sai ya sha bulala. Amma binciken masana a kan ƙwaƙwalwa ya nuna cewa waɗansu daga cikin mutanen nan marasa lafiya ne. An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu su san abin da ya kamata a yi da su.

Yadda barci yake

A shekara ta 1953 waɗansu masana biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman, suka lura cewa akwai lokacin da idanun mai barci kan riƙa motsi da sauri alhali suna rufe. A lokacin nan ne aka fi yin mafarki, kuma ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In ya farka gaɓoɓin ba su saku ba tukuna, sai ya kasa motsi, kamar an danne shi. Wannan shi ne dannau. Yakan wuce da kansa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Cutar barcin farat ɗaya

Akwai wata cuta wadda wani likitan Faransa, Gélineau, ya sa wa suna nakolefsi a shekara ta 1880. Mai ita barci kan kama shi farat ɗaya da rana tsaka, ko da ya yi barcinsa na dare. Wani kuwa in ya yi dariya ko fushi sai gwiwoyinsa su saki ya faɗi, amma yana jin duk abin da ake faɗa. Takan fara ne tun ana samari. A Turai da Amurka akan sami wajen mutum 1 cikin 2,000 da ita.

An daɗe ba a san mafarinta ba. A shekara ta 1998 aka gano wani sinadari a ƙwaƙwalwa, oreksin, wanda ke riƙe mutum a farke. A 1999 Likita Mignot na Jami'ar Stanford ya binciki waɗansu karnuka masu gadon cutar, ya tarar ƙwayar gado guda ɗaya ce ta lalace, watau wadda ke sa jikinsu ya karɓi saƙon oreksin. A 2000 kuma aka tabbatar cewa yawancin mutane masu irin faɗuwar nan sun rasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu yin sinadarin.

Sai dai ɗan Adam ya bambanta da kare. Ba safai uba kan gadar wa ɗansa cutar ba, gama cikin 'ya'yan masu ita 100, ɗaya ko biyu ne kaɗai kan kamu. Saboda haka ba hujja ba ce ta hana aure, kuma ba a ɗaukarta ta wurin zama tare ko cin abinci. Har yanzu ba ta da maganin warkewa ɗungum, amma akwai magungunan da ke rage ta ƙwarai.

Kada a haɗa ta da ciwon barci

Ciwon barci na ƙudan tsando dabam yake. Shi ne ya sa a shekarun 1930 da 1940 aka sare kurmin bakin rafuka a ƙasar Ancau ta Zazzau, aka kafa sabon gari Takalafiya. Ƙwayar cutar kan shiga jini ta wurin cizon tsando, ta kawo zazzaɓi da kaluluwa a wuya, sa'an nan ta kai ƙwaƙwalwa ta rikita lokacin barci, mutum ya riƙa barci da rana, da dare kuwa idonsa biyu. In ba a yi magani ba yakan kashe. Ya ragu ƙwarai, amma ba a daina tsaronsa ba.

Abin da ake bukata ga hakimai

1. A umurci dagatai da masu unguwa su kawo labarin duk wanda barci ke kayarwa da rana wata da watanni.

2. Malamin hakimi ya rubuta shekarun mutumin, da lokacin da abin ya fara, da ko yana zazzaɓi, da ko yana zuwa rafi mai tsando. A ba shi takardar ya kai asibiti.

3. Kafin likita ya gan shi, kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya hau itace ko ya shiga rijiya. In mace ce, kada a bar ta ita kaɗai a bakin murhu.

4. Kada a kori ma'aikaci, kada kuma a doki ɗan makaranta saboda barci, sai likita ya duba shi. In an ba mai wannan cuta damar ɗan runtsawa da rana, yakan iya aikinsa kamar kowa.

Rago gargaɗi ne maganinsa, marar lafiya kuwa sai asibiti. Hakimin da ya rarrabe su ya tsare ran talakansa da mutuncinsa. Allah Ya ƙara wa jama'a lafiya, amin.