Kafin Ka Ɗauki 'Yar Kyanwa

A Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, galibi wajen maƙwabci ake karɓar 'yar kyanwa, ko a tsince ta a kango. In uwar tana raye, bar ta ta sha nono wata 2 tukuna. Marainiya kuwa ɗumi take fara buƙata, musamman da hunturu, kuma madarar shanu zawo take sa ta.

Da ta cika wata 3, kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa. Wanda ta ciza, a wanke wurin da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar.

In riƙo ya gagare ka, nema mata gida mai rumbu. Don Allah kada ka yar da ita a kasuwa.