Jadawalin Talla: Yadda Za Ka Tsara Abin Da Za Ka Ɗora Kafin Lokaci Ya Ƙure



Bara, saura kwana goma ƙaramar Sallah, yayata ta kira ni wai in zo in duba mata waya, tana zargin Instagram ya daina nuna wa mutane kayanta. Ta saro leshi da atamfa daga Kantin Kwari, ta ɗora hotuna sun fi talatin a rana ɗaya, amma ciniki shiru. Na duba, wayar lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne a lokacin yawancin teloli sun rufe karɓar ɗinki, mai sayen yadin Sallah kuwa ya riga ya saya tun kafin a kama azumi. Ta makara da kusan wata guda, kuma jarinta ya kwanta har bayan Sallah.

Irin wannan ne jadawalin talla yake magancewa. Tebur ne kawai da kake rubuta abin da za ka ɗora, da ranar, da inda za ka ɗora shi. Ba sai ka sayi wata manhaja ba. Google Sheets kyauta ne a waya, littafin rubutu ma ya isa idan ka fi sabawa da biro.

Ka buɗe gurbi shida: rana, lokaci, dandali, abin da za a ɗora, ko an tanadi hoton, sai sakamako. Wannan minti biyar ne. Aikin gaske yana wajen cike shi.

Kada ka fara daga yau ka yi gaba. Fara daga ranar da kuɗi ke fita daga aljihun mutane, ka ƙirgo baya. Rubuta manyan lokutanka: azumi, Sallah biyu, komawa makaranta, ƙarshen wata da ake biyan albashi, shigowar sanyi idan kana sayar da man shafawa ko rigunan sanyi. Sai ka tambayi kanka, mai sayen kayana kwana nawa kafin ranar yake yanke shawara? Mai yadi yana buƙatar mako biyar zuwa shida saboda layin tela. Mai takalmi da jaka mako biyu ya ishe shi. Mai cincin da kek tana iya buɗe karɓar oda saura kwana goma, amma ta rubuta ranar rufewa a jadawali, ta kuma sanar da ita sau biyu ko uku, don kada aiki ya fi ƙarfinta daren Sallah.

A kula da abu ɗaya: shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 11, don haka azumi yana matsowa baya kowace shekara. Idan ka kwafi jadawalin bara yadda yake, ka makara tun kafin ka fara.

Sauran kwanakin fa? Ni ban yarda da ɗora hoto da farashi kullum ba, mutane gajiya suke yi su riƙa tsallake ka. Wa yayata mun sa Litinin sabbin kaya, Laraba ɗan bidiyo na yadda ake gane atamfa mai zuba, Juma'a hoton kayan da aka ɗinka, bayan ta nemi izinin mai shi. Sau uku a mako da za ka iya riƙewa wata shida ya fi sau biyar a rana da za ka watsar cikin mako biyu.

Ka ware rana ɗaya, misali Lahadi da hantsi lokacin da haske ke da kyau, ka ɗauki hotunan mako gaba ɗaya, ka rubuta bayanansu. Daga nan ka shiga Meta Business Suite, wadda ita ma kyauta ce, ka saita ranar da lokacin da kowanne zai fita a Facebook da Instagram. Zai fita da kansa ko wayarka ba caji. Na sitatus ɗin WhatsApp kuwa, ka saita tunatarwa a Google Calendar ka ɗora da hannunka, ka kuma tuna awa 24 kawai yake yi ya ɓace.

Saita abu ya fita da kansa yana da nasa haɗarin. Mun taɓa mantawa da wani leshi da ya ƙare, tallarsa ta fita da tsohon farashi, mutum huɗu suka turo saƙo, sai haƙuri muka yi ta bayarwa. Tun daga ranar, kowane dare tana duba abin da zai fita gobe. Haka idan aka wayi gari da rasuwa ko wani abin alhini a gari, ka shiga ka dakatar da tallar ranar.

Gurbin sakamako shi ne wanda kowa ke bari fayau. Kada ka rubuta yawan masu danna alamar so. Rubuta mutum nawa suka tambayi farashi, nawa suka biya. Da muka duba na wata biyu, bidiyon Laraba ne ya fi kawo mata masu tambaya, sai muka mayar da shi sau biyu a mako, muka rage hotunan Litinin.