Marayun Nairobi

A Nairobi, babban birnin ƙasar Kenya, akwai wani gidan marayu mai suna Nyumbani, wato "a gida". Wani limamin Katolika kuma likita, Angelo D'Agostino, ya buɗe shi a 1992 da yara 3 masu ɗauke da ƙwayar cutar sida. Suna samun abinci da magani da makwanci.

Da yaran gidan suka isa shiga makaranta, wasu makarantun gwamnati suka ƙi karɓarsu don tsoro. Gidan ya kai ƙara. A 2004, gaban alƙali, gwamnati ta yarda a karɓe su.

Yara, ba a ɗaukar sida wajen zama aji ɗaya ko cin tuwo ƙwarya ɗaya.

Tambaya: Mi ya sa aka ƙi yaran?