Idan Aka Rufe Majalisa, Wa Ke Riƙe Da Mabuɗi?

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Ran ya san inda kabarin Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ke. Yawancinmu mun taɓa shiga, waɗansu ma sun kai yara ziyara lokacin gwajin koyarwa. Abin da a kan gaya wa yara a can shi ne, malamin makaranta ne, ya shugabanci Midil ta Bauchi, ya zama Firayim Minista cikin 1957, aka kashe shi cikin watan Janairu na 1966. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani babi na mulkinsa wanda ba a cika karanta wa yara ba, watau ranar da ya miƙe a Majalisar Wakilai a Ikko ya nemi a yarda da dokar da ta rufe wata majalisa. Shi za mu duba, gama malamin tarihi ba zai rasa gamuwa da yaro mai tambaya ba, wanda zai ce, "Malam, in an rufe majalisa, wa zai yi doka?"

Da fari sai mu rarrabe, don rufewa iri uku ce. Akwai ɗaga zama, wanda ya yi kama da hutunmu na ƙarshen zango: kowane wakili yana nan da kujerarsa, an kuwa san ranar komowa. Akwai rushewa, inda kujeru duka za su zama ba mai su, a koma wurin masu ƙuri'a su sāke zaɓe. Sa'an nan akwai dakatarwa. A nan ba a bar wakilai su zauna ba, ba a kuma koma wurin jama'a ba, sai ikon yin doka ya tattaru a hannun mutum guda. Ta ukun nan ita ce uwar rigima.

To, ga yadda abin ya faru. Cikin 1962 jam'iyyar A.G. ce ke mulkin Jihar Yamma. Shugabanta, Cif Obafemi Awolowo, yana Ikko yana jagorar 'yan hamayya, shi kuwa Cif Samuel Akintola shi ne Firimiya a Badun. Suka ɓata, har ɓarakar ta fito fili a babban taron jam'iyya da aka yi a Jos cikin watan Fabrairu. Da Mayu ta kama, wakilai 66 suka sa hannu a takarda suka ce sun janye goyon bayansu ga Akintola. Gwamnan Jihar, Sarkin Ife Sa Adesoji Aderemi, ya dogara da takardar nan ya tuɓe shi, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce faufau, ba a tuɓe Firimiya da wasiƙa, sai da ƙuri'a a zauren majalisa.

Ran 25 ga Mayu majalisa ta zauna don a tabbatar da wanda ke da rinjaye. Ba a kai ga ƙuri'a ba. Mutanen Akintola da na N.C.N.C. suka ta da hayaniya, aka yi ta jifa da kujeru, wani wakili ya sure sandar majalisa ya buga, ta karye. 'Yan sanda suka watsa su da barkonon tsohuwa. Aka nemi a sāke zama tare da 'yan sanda a cikin zaure. Firayim Minista ya ce 'yan sanda sā iya shiga, amma fa Gwamnatin Tarayya ba za ta karɓi abin da aka zartar a gabansu ba. Ku lura da wannan magana, don ta nuna wa marasa rinjaye cewa muddin sun ci gaba da hayaniya, ba ƙuri'ar da za ta ci su. Aka sāke zama a ranar, aka sāke dambe.

Kwana huɗu bayan haka, ran 29 ga Mayu, Firayim Minista ya kawo batu gaban Majalisar Tarayya cewa a kafa dokar ta-ɓaci. Hujjarsa ita ce, Jihar Yamma ba ta da gwamnati tsayayya, mutum biyu kowa na cewa shi ne Firimiya, majalisar da za ta raba gardama kuwa ta kasa zama. In aka jira, wutar za ta fita daga zaure ta kama gari. Awolowo ya ce ina ta-ɓacin? Faɗa a ɗaki ɗaya aka yi shi, kasuwanni suna ci, kotuna suna zama. Mutanensa suka tuna wa majalisa tarzomar ƙasar Tibi ta 1960, inda aka ƙone gidaje aka yi asarar rayuka, amma ba wanda ya ce a rufe Majalisar Jihar Arewa. Cif Anthony Enahoro ya yi gargaɗi cewa abin da aka soma ran nan zai zarce inda masu soma shi su ke tsammani. Amma N.P.C. da N.C.N.C. su ke da gwamnati tare, su ke da yawan kujeru, sashe na 65 na tsarin mulkin 1960 kuwa ya bar wa majalisa ita ce za ta faɗi ko akwai ta-ɓaci ko babu. Batu ya wuce da babban rinjaye. Aka dakatar da Gwamna da Firimiya da majalisa, aka naɗa Ministan Lafiya, Dokta Moses Majekodunmi, ya zama Kantoma.

A nan ya kamata malami ya yi adalci, ko da ya ke mutumin namu ne. Abubakar bai yi gaban kansa ba. Ya kai magana majalisa, an yi muhawara a fili, an yi ƙuri'a, an yanka wa'adi zuwa ƙarshen Disamba, an kuwa cika alkawari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a ganina ba ranar rufewa kaɗai a ke dubawa ba, har da abin da aka aikata ƙofa tana rufe. Cikin wata bakwai ɗin nan aka kafa hukumar Mai Shari'a Coker ta binciki kuɗin hukumomin Jihar, aka tsare Awolowo, aka soma shari'arsa kan zargin cin amanar ƙasa, wadda ta ƙare da ɗaurin shekara 10 cikin 1963. Wakilai da dama suka ga inda iska ta kaɗa, suka sauya sheƙa. Ran 1 ga Janairu 1963 Akintola ya koma kujerarsa tare da N.C.N.C., ba tare da an tambayi mai ƙuri'a ko ɗaya ba. Cikin Mayu na 1963 kotun Majalisar Sarauniya a London, wadda ita ce ta ƙarshe a lokacin, ta ce tuɓe shi da Gwamna ya yi daidai ne. Sai aka gyara tsarin mulkin Jihar, aka mai da gyaran baya har ya shafe hukuncin.

Wanda aka hana shi magana a zaure, a titi zai yi ta. Bayan zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965, wanda 'yan hamayya suka ce an yi maguɗi, aka shiga ƙone motoci da gidaje, har da mutane. Wannan karon kuwa, da wuta ta kama da gaske, ba a kafa dokar ta-ɓaci ba. Masu suka suka ce, ashe dokar tana duban wanda ke kan kujera ne.

Sauran labarin kun san shi. Ran 15 ga Janairu 1966 waɗansu hafsoshi suka kashe Firayim Minista da Sardauna da Akintola da waɗansu manya. Kashegari Dokta Nwafor Orizu, mai riƙon kujerar Shugaban Ƙasa, ya yi shela a rediyo cewa an miƙa mulki ga Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. Dokar soja ta farko ta dakatar da Majalisar Tarayya da na Jihohi duka, ba a kuwa faɗi ranar komowa ba. Da Ironsi ya fito da doka ta 34 ran 24 ga Mayu, wadda ta soke tarayya ta haɗe aikin gwamnati wuri guda, Arewa ba ta da wani zaure da wakilinta zai miƙe ya ce bai yarda ba. 'Yan makarantar Jami'ar Ahmadu Bello da ma'aikata suka fita zanga-zanga ana cewa "Araba". Nan da nan abin ya fi ƙarfin masu shi, ya zama kisa a garuruwa da yawa, aka hallaka 'yan ƙabilar Ibo mazauna Arewa waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kada malami ya ɓoye wa yara wannan. Ba a sāke ganin Majalisar Tarayya zaɓaɓɓiya ba sai Oktoba 1979, watau bayan shekara 13 da 'yan watanni.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana. Cikin Mayu 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya rushe majalisa lokacin da ya ke neman tazarce. Doka ta ba shi ikon rushewa, amma da kotun tsarin mulki ta ce zaɓen raba gardamar da ya shirya ba ya kan doka, sai ya rushe kotun ita ma. Dubban mutane suka yi ta jerin gwano a Yamai, masu goyon baya da masu ƙi. Ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kama shi.

Ku gwada wannan da abin da ya faru a Ingila cikin 2019. Firayim Minista Boris Johnson ya sa aka ɗaga zaman majalisa na mako biyar, daidai lokacin da a ke gardamar fita daga Tarayyar Turai. Ya ce hutu ne irin na kullum. 'Yan hamayya suka ce toshe bakin wakilai ne, jama'a suka cika tituna. Ran 24 ga Satumba alƙalai 11 na Kotun Ƙoli suka ce baki ɗaya ɗagawar ba ta halatta ba, kashegari wakilai suka koma kujerunsu. Ba don Turawa sun fi kowa hankali ba ne. Bambancin shi ne, mabuɗin bai zauna a aljihun wanda ya kulle ƙofa shi kaɗai ba, kuma da kotu ta yi magana ba wanda ya gyara doka don a shafe ta.

Gardamar 1962 ta sāke ɗagowa a ƙasarmu ba sau ɗaya ba. Cikin Mayu 2004 Shugaba Obasanjo ya dakatar da Gwamna da majalisar Jihar Filato wata shida. Cikin 2013 Shugaba Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, amma ya bar gwamnoni da majalisu a wurarensu. Cikin Maris 2025 Shugaba Tinubu ya dakatar da na Jihar Ribas, su ma wata shida. Abin ban dariya, jam'iyyar P.D.P. ce ke mulki sa'ad da aka yi na Filato, gwamnoninta ne kuma suka kai ƙara kotu a kan na Ribas.

In kuna so darasin ya zauna wa yaran aji na sama, ku raba su biyu ku mai da ajin Majalisar Wakilai ta ran 29 ga Mayu 1962. Ɗaya ya zama Firayim Minista, ɗaya shugaban 'yan hamayya, a naɗa mai riƙe da sanda. Kowane sashe ya amsa abu huɗu: wa ya rufe, da wace doka, sai yaushe, wa kuma zai iya tuhumar Kantoma kafin a buɗe. In sun gama an yi ƙuri'a, kada ku bar su su tashi. Ku ce su sauya kujeru, 'yan gwamnati su koma hamayya, a sāke kawo batun daga farko.