Harshe da Maganin Damuwa: Halin da Baƙo Yake Ciki a Jamus

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba da matsanancin baƙin ciki su ne suka fi yawa. Ɗaya daga cikin hanyoyin warkar da su ita ce tattaunawa a kai a kai tsakanin majiyyaci da masanin halayyar ɗan'adam. A nan harshe shi ne ma'auni, shi ne kuma maganin. Karaya tana fitowa a hoton asibiti, damuwa kuwa sai mai ita ya faɗa.

A shekarar 1973, likita Luis Rojas Marcos da abokan aikinsa a birnin New York sun yi hira da wasu masu taɓin hankali da harshensu na Sifaniyanci, sannan da Turanci. Sai likitoci suka ga kamar ciwon ya fi tsanani a hirar Turanci. Wato jinkirin amsa da sarƙewar harshe suna iya rikiɗewa su zama kamar alamun cuta.

Wannan ya shafi ɗalibin da ya tafi karatu wata ƙasa, misali Jamus. Idan Jamusancinsa bai nuna ba, kuma babu likita mai jin harshen gidansu, Turanci ne mafita. Hanyoyin da zai bi guda uku ne:

1. Ofishin kula da jin daɗin ɗalibai na garinsa, wanda galibi yake ba da shawara kyauta kuma cikin sirri.
2. Lambar waya 116117, inda ake samar wa mai inshorar lafiya ta hukuma ranar ganawar farko.
3. Kundin sunayen likitoci na jiha, wanda sau da yawa yakan nuna harsunan da kowane likita yake ji.

Inshorar hukuma tana biyan kuɗin wannan magani, amma akasari ba ta biyan tafinta, kuma jiran layi yakan ɗauki watanni. Bai kyautu ɗan'uwa ko aboki ya zama tafinta ba, domin kunya takan sa majiyyaci ya ɓoye ainihin abin da yake ci masa rai.

Tambayoyi
1. Me ya sa harshe ya fi muhimmanci wajen maganin damuwa fiye da ɗorin karaya?
2. Yaya za a bayyana wa baƙon likita bambancin “ɓacin rai” da “karayar zuciya”?