Kaki da Tsatsa: Darasi Daga Ganyen Gwaza Ga Masu Mota a Ƙasar Haɗeja

Gabatarwa

Daga watan Agusta zuwa Satumba, Kogin Haɗeja kan cika ya malale fadamun Auyo da Kiri Kasamma da Guri. A shekarar 2022 ruwan ya shanye hanyoyi da dama. Motar da ke keta irin wannan taɓo, wahalar takan sauka a kan kwanon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, wanda makanikai ke kira "botom filet". Idan tsatsa ta huda shi, mai zai tsiyaye, inji ya buga, jarin direba ya salwanta.

Yadda tsatsa ke samuwa

Sai abubuwa uku sun haɗu tsatsa ke tasowa: baƙin ƙarfe, da ruwa, da iskar oksijin. Cikin kwanon yana jiƙe da mai, don haka ɓarnar ta fi farawa daga waje, inda tsakuwa ta kankare fenti. Laka kuwa takan maƙale a wurin, ta riƙe danshi kwana da kwanaki. Kwanon alminiyam ba ya yin jar tsatsa.

Abin da tsirrai suka koya mana

Mai karatu ya ɗiga ruwa a kan ganyen gwaza. Zai ga ruwan ya dunƙule ya gangare, ganyen bai jiƙa ba. Dalili shi ne fatar ganyen tana lulluɓe da kaki, kaki kuwa ba ya shiri da ruwa. Wannan hikima ce ake bi wajen haɗa kakin fesawa a ƙarƙashin mota, wanda ake samu daga man fetur a gauraya shi da maganin tsatsa.

Sai dai ba kowane kaki ne zai yi ba. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63 na ma'aunin Salshiyas, alhali baƙin mai yakan kai digiri 90 zuwa 110 idan inji yana aiki. Ko kakin kanuba, da ake tatsa daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a Barazil, ba ya wuce digiri 86. Saboda haka a nemi wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa yana jure zafin inji.

Matakan aiki

A wanke laka, a bari ƙarfe ya bushe sarai. A goge tsatsa da burushin ƙarfe, a shafa fenti mai jure zafi. Bayan nan a fesa kaki sama-sama, domin kwanon yana taimakawa wajen huce mai, kauri kuwa zai tare zafi. A kauce wa salansa. Wanda ya shafa kaki a kan danshi, ya rufe ƙofa da ɓarawo.

Kammalawa

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bazara, kafin ruwa ya sauka. A sake dubawa da kaka, domin yashi da tsakuwa sukan cinye shafen. Kuɗin gwangwani ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba.